An ce koronar ta fita daga jikinsa, to me ya kumbura masa zuciya?

Abban Nana:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda zai warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Ƙanina shekararsa 24, lafiyayye ne, ɗan ƙwallo, bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Korona ta kama shi, zazzaɓi na kwana uku da mura da ciwon jiki, ya warke ya miƙe abinsa. Bayan kamar kwana goma sha biyu ya koma fili. Bai yi minti ashirin ba ya zauna yana dafe da ƙirji, wai kamar an ɗora masa dutse, ga haki, ga zuciya tana bugawa ba tsari. Muka kai shi asibiti, aka ɗebi jini, aka yi masa ECG, wato awon bugun zuciya, da eko, wato hoton zuciya. Likita ya ce tsokar zuciyarsa ce ta kumbura, kuma kada ya kuskura ya taɓa ƙwallo sai bayan wata uku zuwa shida.

Ga inda na kasa ganewa. An sake yi masa gwajin korona, babu ita. To idan cutar ta fita, me ya kumbura zuciyar? Likitan dai ya ce "garkuwar jikinsa ce", amma mutane na jira a bayana, ban samu damar tsananta tambaya ba. Garkuwar jiki ba ita ce mai kare mutum ba?

Ummu Khalil:
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Don Allah ku sa masa ido, matasan nan ba sa jin maganar hutu.

Kawu Mai Ja:
Kafin a yi nisa, tambaya ɗaya: ya yi allurar riga-kafi?

Abban Nana:
Ya yi guda biyu, Kawu, amma tun 2021. Bai sake ba.

Kawu Mai Ja:
To shi ke nan. Na yi shiru.

Dakta Halima:
Kawu, na san shirun nan naka, za mu dawo kansa. Bari in fara da tambayar Abban Nana, don tambaya ce mai kyau.

Abban Nana, ka taɓa ganin ɗakin da aka kashe wa gobara? Sau da yawa wutar katifa ɗaya ta ci, amma ruwan da aka sheƙa shi ne ya lalata littattafai da kayan lantarki da rufin ɗakin. Ba wanda zai ce kada a zuba ruwa. Amma ɓarnar ruwan ɓarna ce.

Haka abin yake. Ƙwayar korona tana shiga ƙwayoyin jikinmu ta wata ƙofa da ake kira ACE2. Wannan ƙofa tana nan a hanci da huhu, tana nan a hanji da ƙoda, tana nan a jikin jijiyoyin jini da zuciya. Da jiki ya ji baƙo ya shigo, sai ƙwayoyin garkuwa su fara aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai da ake kira saitokayin. Saƙon shi ne: a zo nan, a ɗaga zafin jiki, a buɗe jijiyoyi, a kashe duk ƙwayar da baƙon ya shiga. Zazzaɓi da ciwon jikin da ƙaninka ya yi, aikin wannan saƙon ne, ba aikin ƙwayar cutar kai tsaye ba.

A mafi yawan mutane, da an ci ƙarfin baƙon sai a busa usur, kowa ya koma gida. A wasu kaɗan, ba a jin usur ɗin. Ƙwayoyin garkuwa su ci gaba da taruwa a cikin tsokar zuciya, su kumbura ta, su jikkata wasu daga ƙwayoyinta. Gwajin da aka yi masa a hanci aka yi, ya nuna baƙon ya bar hanci. Bai ce faɗan da aka fara a ciki ya lafa ba.

Jinin da aka ɗeba kuwa, kusan tabbas turoponin aka duba. Wani furotin ne da gidansa cikin tsokar zuciya. Idan aka gan shi da yawa yana yawo a jini, alama ce wasu ƙwayoyin zuciyar sun fashe ya zubo.

Kuma wannan ba korona ce ta fara shi ba. Tun kafin a ji sunan Wuhan, birnin China da korona ta fara ɓulla, a Disambar 2019 likitoci sun san ƙwayoyin cuta irin su Koksaki da adino da ta mura mai tsanani suna jawo kumburin zuciya, galibi a samari.

Abban Nana:
Allah ya saka da alheri, Dakta. Misalin gobarar nan ya shige ni. Amma me ya sa aka hana shi ƙwallo har tsawon wata shida? Yanzu haka yana zaune garau, yana cin abinci, yana ta ƙorafi.

Dakta Halima:
Saboda zuciya ba famfo ce kawai ba, akwai wayoyin lantarki a cikinta da ke tsara bugunta. Tsokar da ta kumbura tana iya hargitsa wannan lantarkin, kuma lokacin da aka fi jin tsoro shi ne lokacin gudu, sa'ad da zuciya ke bugawa da ƙarfi. Mutum zai iya jin kansa garau, ya shiga fili, bugun ya rikice ya yanke jiki ya faɗi. Kumburin zuciya yana cikin sanannun dalilan mutuwar farat ɗaya a matasan 'yan wasa. Ba don in tsorata ku na faɗa ba, mafi yawa suna warkewa sarai. Amma wata uku zuwa shidan nan ba likitanku ne ya ƙirƙiro ba, ƙa'ida ce ta likitocin zuciya. Kafin ya koma sai an sake duba turoponin, a sake eko, a ɗaura masa na'urar da ke bin bugun zuciya kwana guda ko fiye, sannan a gwada shi a kan injin gudu.

Ɗan Bayern:
Yaya Abban Nana, ka ba shi labarin Alphonso Davies, ɗan Kanadan nan da ya yi suna a Bayern Munich. A Janairun 2022 ya kamu da korona, da ya dawo atisaye aka duba aka ga alamar kumburin zuciya, mai sauƙi ma aka ce. Bayern suka ajiye shi, sai a Afrilu ya sake buga wasa. Wasannin neman gurbin kofin duniya na Kanada ma a gida ya kalle su. Idan wanda ake biya miliyoyi don ya yi gudu ya zauna, ƙaninka wa zai yi wa gaggawa?

Ɗalibin Lab:
Anti Dakta, da izininki ina da ja a wuri biyu, a gyara mini idan na kauce.

Na farko, wannan kalma ta "guguwar saitokayin" da ta cika kafafen labarai a 2020. Na karanta cewa da aka kwatanta yawan IL-6, ɗaya daga cikin saitokayin ɗin, a jinin masu korona mai tsanani da na masu gubar jini ta bakteriya, sai aka ga na masu korona ya yi ƙasa sosai. To ina guguwar?

Na biyu, da aka riƙa binciken gawarwakin waɗanda korona ta kashe, ba kasafai aka samu kumburin tsokar zuciya na ainihi ba, irin wanda ake ganin ƙwayoyin garkuwa sun cika tsokar. Alhali a wani rahoto na farko-farko daga Wuhan, kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka kwantar turoponin ɗinsu ya hau. Ke nan hawan turoponin daban, kumburin zuciya daban.

Dakta Halima:
Ba ka kauce ba, ɗana, kuma na ji daɗi da ka kawo wannan.

A na biyun ka yi daidai ɗari bisa ɗari. Dattijon da ke kwance huhunsa ya cika da ruwa, iskar oksijin ta yi ƙasa, zuciya na gudu don ta cike giɓin, turoponin ɗinsa zai hau ko da babu kumburi, wahala ce kawai ta yi wa zuciyar yawa. Wani kuma ƙananan gudajin jini ne suka toshe siraran jijiyoyin zuciyar, don korona tana jikkata fatar cikin jijiyoyi tana sa jini saurin daskarewa, shi ya sa ake duba D-dimer, awon da ke nuna alamar gudajin jini, kuma ake ba waɗanda aka kwantar maganin tsinka jini. Wani ciwon zuciya ne irin wanda aka sani, na toshewar jijiyar zuciya, cutar ta ingiza shi kawai. Duk waɗannan a 2020 an yi ta zuba su a kwando ɗaya.

Ka tuna binciken nan na Frankfurt a Jamus, Yulin 2020? Mutum 100 da suka warke aka yi wa hoton MRI, aka ce 78 an ga wani abu a zuciyarsu, 60 da alamar kumburi. Duniya ta ɗauka, hankalin hukumomin wasanni ya tashi. Daga baya da aka duba 'yan wasa da yawa sai adadin ya faɗo ƙasa warwas. A jami'o'in Amurka, cikin 'yan wasa 1,597 da aka yi wa MRI bayan korona, kashi 2.3 cikin ɗari aka samu. A manyan ƙungiyoyin ƙwararru, 5 cikin 789. Abin yana nan, amma bai kai yadda aka fara kururuta shi ba. MRI na'ura ce mai kaifin ido, tana ganin abin da ba lalle cuta ba ne.

A na farkon kuwa, rabin gaskiya ka kamo. Kalmar guguwa ta 'yan jarida ce fiye da ta ɗakin gwaji, na yarda. Amma jinin hannu ake aunawa, faɗan kuwa a cikin huhu yake. Kuma hujjar da ta fi ƙarfi ba daga awon jini ta zo ba, daga magani ta zo: an danne garkuwar jiki, mutane sun rayu. Idan ba garkuwar ce ke ɓarnar ba, danne ta ai ƙara kashe su zai yi.

Nas Rabi:
Ni ban iya lissafin IL-6 ba, amma na yi aiki a ɗakin masu korona, kuma abin da ba zan manta ba shi ne sati na biyu. Mutum zai zo kwana na huɗu ko biyar yana hira, yana tambayar yaushe za a sallame shi. Kwana na takwas, na tara, na goma, sai ka ga numfashi ya sarƙe, oksijin na sauka, CRP da feritin, alamun kumburi a jini, sun yi sama. A lokacin ƙwayar cutar ma ta fara raguwa a jikinsa. Mu a tsakaninmu ba ma sakin jiki da mara lafiya sai ya haye kwana goma sha biyu.

Dakta Halima:
Sista Rabi ta faɗi zuciyar maganar. Ciwon kamar zango biyu ne. Zangon farko na ƙwayar cuta ne, a nan kana son garkuwarka ta yi aiki da ƙarfi da wuri. Zango na biyu na garkuwar ne, a nan kana son a ja mata linzami.

Shi ya sa sakamakon gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, wanda aka sanar ranar 16 ga Yunin 2020, ya zama babban labari. Deksametason, tsohon magani mai araha, miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma. A waɗanda ke kan injin numfashi ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A waɗanda ke kan oksijin kawai, kusan ɗaya cikin biyar. A waɗanda ba sa buƙatar oksijin kuwa bai amfana da komai ba, alamu ma sun karkata ga cutarwa. Magani ɗaya, ciwo ɗaya, bambancin lokaci ne kawai.

Bayansa aka zo da tosilizumab, maganin amosanin gaɓɓai ne tun asali, yana toshe saƙon IL-6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba masu tsananin ciwo a Yulin 2021, sai barisitinib a Janairun 2022. Dukansu masu ja wa garkuwa linzami ne.

Ɗalibin Lab, ga wani abin da zai burge ka. A 2020 masu bincike ƙarƙashin Jean-Laurent Casanova sun duba mutum 987 da korona ta kai bakin mutuwa, suka samu 101 jikinsu na ƙera makamin da ke kashe intaferon, wato ƙararrawar farko da jiki ke kaɗawa idan baƙo ya shigo. Cikin 101 ɗin nan 95 maza ne. Ke nan a wasu mutanen garkuwar ba yawa ta fara yi ba, makara ta yi. Ta yi barci a zangon farko, ƙwayar ta bazu, sannan ta farka a gigice tana duka ko'ina.

Maigidan Safiya:
Innalillahi. Ni lokacin da ta kama ni, ranar farko na sayi deksametason ɗin nan na fara sha, don na ji a labarai an ce an samu maganin korona.

Nas Rabi:
Garin neman ƙiba ka tashi samo rama, Malam. Allah ya tsare ka kawai. Banda danne garkuwa a lokacin da ake buƙatarta, yana harba sukari sama. Ka tuna abin da ya faru a Indiya a 2021, cutar baƙin naman gwarin nan da ta riƙa cin hanci da ido? Yawancinsu masu ciwon sukari ne da aka ɗura wa sitiroyid, wato magunguna irin su deksametason.

Ummu Khalil:
Dakta, yara fa? Na ji an ce su korona ba ta yi musu komai.

Dakta Halima:
Yawancinsu da sauƙi take zuwa musu. Amma a Afrilun 2020 likitocin yara a Ingila suka fara ganin wani abu: yaro ya yi korona, wani ma ba a san ya yi ba, bayan sati biyu zuwa shida sai zazzaɓi mai naci, ciwon ciki, amai ko gudawa, jan ido, ƙuraje, wani lokaci jini ya faɗi, zuciya ta raunana. Ana kiransa MIS-C. Ya yi kama da cutar Kawasaki, wadda wani likitan Japan ya bayyana a 1967. Shi ne misali mafi fito-fili na abin da Abban Nana ya tambaya, don lokacin da yaron ke kwance ƙwayar ta daɗe da tafiya. Ana ba su sitiroyid da ruwan garkuwa ta jijiya, kuma mafi yawa zuciyarsu na komawa daidai. Ba kasafai yake faruwa ba, ya kuma ragu sosai a shekarun baya. Amma zazzaɓin da ya wuce kwana uku da jan ido da ciwon ciki a yaro, a kai shi asibiti.

Kawu Mai Ja:
Na yi haƙuri na karanta duka. Yanzu a dawo kan nawa. Dakta, ki faɗa mini tsakaninki da Allah: allurar nan tana kumbura zuciya ko ba ta yi? Don lokacin da muke faɗa, cewa aka yi mu jahilai ne masu yaɗa jita-jita.

Dakta Halima:
Tana yi, Kawu. Ba zan ɓoye maka ba, kuma duk wanda ya ce maka ƙarya ce bai yi maka adalci ba. Alluran Pfizer da Moderna an tabbatar suna jawo kumburin zuciya a wasu kaɗan. Isra'ila ce ta fara lura a 2021, hukumomin Amurka da Turai suka tabbatar aka sa a takardar gargaɗi. An fi gani a samari, daga 'yan shekara goma sha zuwa ƙasa da talatin, galibi bayan allura ta biyu, cikin 'yan kwanaki. A Oktoban 2021 Suwidin da Finlan suka dakatar da ba matasa Moderna saboda haka, wasu ƙasashen kuma suka tsawaita tazarar da ke tsakanin allura ta farko da ta biyu.

Amma ka riƙe kalmar nan: cikin 'yan kwanaki. Yaron nan ya yi allura tun 2021, ya yi shekaru yana buga ƙwallo lafiya, korona ta kama shi, bayan kwana goma sha biyu ƙirji ya riƙe. Wa za ka tuhuma?

Sannan a ɗora a sikeli. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta duba bayanan asibitoci na shekarar farko ta korona, ta ga masu korona sun fi waɗanda ba su da ita haɗarin kumburin zuciya kusan sau 16. Idan aka haɗa jama'a gaba ɗaya, ciwon ya fi allurar jawo shi, kuma na ciwon ya fi muni. Inda lissafin ya matse shi ne samari da allurar Moderna ta biyu, a nan wani babban bincike na Ingila ya ga na allurar ya zarce na ciwon. Shi ya sa ƙasashen can suka canza tsari.

Kawu Mai Ja:
To ai kin gama magana. Da tun farko haka aka yi mana bayani, da ba a yi ta rigima ba. Amma 'yan ƙwallon da ke faɗuwa a fili fa? Ɗan Denmark ɗin nan, duniya na kallo.

Ɗan Bayern:
Eriksen kake nufi, Kawu, Yunin 2021, wasansu da Finlan. Shi ai daraktan Inter Milan, ƙungiyarsa a lokacin, ya fito ya ce ba a yi masa allurar ba ma. Kuma tun kafin korona ana faɗuwa. Marc-Vivien Foé na Kamaru a 2003 ya faɗi, wace allura aka yi masa?

Kawu Mai Ja:
Kai yaro, ban tambaye ka ba. Amma na ji. Ni dai har gobe ina ganin an yi gaggawar ɗura wa samari masu lafiya abin da tsofaffi suka fi buƙata.

Dakta Halima:
Wannan muhawara ce da likitoci ma suka yi a tsakaninsu, Kawu, kuma ƙasashe ba su tsaya a matsaya ɗaya ba. Ba zan ce maka ba ka da ta cewa ba.

Abban Nana:
Dakta, tambaya ta ƙarshe. Idan ƙirjin ya motsa masa, zai iya shan ibuprofen? Kuma me za mu gani mu san abin ya ɓaci?

Dakta Halima:
Kada ya sha sai likitansa ya ce. Idan jakar da ta lulluɓe zuciya ce ta kumbura, wadda ciwonta ke ƙaruwa in an kwanta ya lafa in an sunkuya gaba, ana ba da irinsu ibuprofen da kolcisin. Idan tsokar ce, musamman in ta raunana, ana kauce musu. Wanda ya ga ekon shi ya san wanne ne, ni daga nan ban gani ba.

Ku koma asibiti a take idan ya suma ko ya ji kamar zai suma, idan numfashi ya gagara yana zaune ko ya kasa kwanciya sai da matasai da yawa, idan ƙafafu suka kumbura, ko ciwon ƙirjin ya dawo da ƙarfi. Kada a jira gari ya waye.

Abban Nana:
'Yan uwa, na dawo da labari bayan sati uku. Alhamdulillah, an sake gwaji turoponin ya sauka, likita ya ce famfon zuciyar na aiki daidai, an ba shi ranar yin MRI. An yarda ya riƙa tafiya a hankali. Na karanta masa duk abin da kuka rubuta, labarin Davies ne kawai ya shige shi.

Yanzu ya aiko ni da tambaya, wai in tambayi Dakta: idan gola zai tsaya, ba gudu, shi ma ya shiga cikin haramcin?

Dakta Halima:
Ya shiga. Ka ce masa ko alƙalin wasa ban yarda ba.